Wanda Ke Tsaye Gefen Mai Ban Dariya

Daren Kirsimeti na 1977, gidan BBC ya ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 28 ne suka zauna gaban talabijin a Birtaniya suna kallon wasu magidanta biyu suna shashanci. Wata ƙidayar da aka yi ta hanya dabam ta ce miliyan 21 ne da ɗoriya. Ko wacce ka ɗauka, adadin ya zarce yawan mutanen Nijar kaf a ƙidayar 2012, wadda ta same mu miliyan 17. Sunan mutanen Eric Morecambe da Ernie Wise. Eric dogo ne mai tabarau, bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka. Ernie gajere ne mai fara'a, kullum tsaf da shi kamar wanda za a ɗauka hoto. Shekara 43 suka yi suna aiki tare, daga 1941 har mutuwa ta raba.

Mu da muka tashi da Tele Sahel da wasannin su Yazi Dogo ba mu san da zamansu ba. Wani abokina mai koyar da Ingilishi a koleji ne ya sauko da wasanninsu a wayarsa, yakan kunna mana a fada bayan sallar isha'i, ana jiran shayi na biyu. Ingilishina na lakwal ne. In an ba ni takarda zan lallaɓa in karanta, amma barkwancin da ake harbawa da sauri ya fi ƙarfin kunnena, sai abokin ya tsayar ya fassara, in yi tawa dariyar bayan ta Turawan ta huce. Wannan rashin jin ya yi mini amfani ta wani gefe, don wanda kunnensa bai kama ba idonsa ke aiki. Sauran ƴan fada suna kallon dogon, ni kuwa idona ya maƙale a kan gajeren.

Ga abin da ake yi masa. Eric zai tafa kumatunsa biyu da hannuwa kamar mai tashin yaro daga barci. Zai leƙa kansa ya ce gashin nan na kanti ne, an dai iya liƙa shi, alhali gashin Ernie nasa ne na Allah. Zai yi wa ƙafafunsa ba'a, wai gajeru ne masu kauri da gashi. Shi kuwa Ernie yana tsaye, fuskarsa ɗauke da ɗan ɓacin ran mutumin da ke ganin ya fi ƙarfin wannan wulaƙanci. Jama'a na dariya, shi yana jira. Sai dariyar ta fara sauka, ba ta kai ƙasa ba tukuna, sannan ya jefa kalma ta gaba. In ya yi gaggawa dariya ta haɗiye maganar, ba wanda ya ji. In ya makara ɗakin ya huce. Duk malamin da ya taɓa jiran aji ya lafa kafin ya faɗi abin da yake so ya zauna a kan yara ya san wannan ɗan taƙin, ya kuma san ba a koyonsa a shekara ɗaya.

A sana'arsu akwai sunan da ake kiran irin wannan mutum, ma'anarsa mai ciyarwa: shi ke miƙa wa abokinsa lomar da zai tauna. Mu a nan ɗan amshi za mu ce. Kowa ya san Shata, amma tara mutum goma ka ce su kawo sunayen masu yi masa amshi, ka ga yadda za a yi ta kallon juna. Kuma cire amshin daga waƙar ka ji abin da zai rage.

Su biyun ƴaƴan talakawa ne daga arewacin Ingila. An haifi Ernest Wiseman a Leeds a 1925. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da dare kuma yana waƙa da barkwanci a kulob ɗin ƴan ƙwadago, kuma tun yaron yana ƙarami yake jan shi su yi rawa tare a samu na cefane. Yana da shekara 13, a 1939, wani babban mai shirya wasanni, Jack Hylton, ya ɗauke shi zuwa Landan, jaridu suka yi ta yabonsa. Wato lokacin da suka haɗu, Ernie ne tauraro. John Eric Bartholomew kuwa an haife shi a 1926 a Morecambe, wani gari na bakin teku, kuma sunan garin ne ya ɗauka daga baya, kamar yadda za ka ji ana cewa wane Tasawa ko wane Madawa. Bai taɓuka abin kirki a makaranta ba. Uwarsa Sadie ce ta lura yaron na da wani abu, ta yi aikin raba abinci a gidan cin abinci don ta biya masa kuɗin koyon rawa, shi kuma yana zuwa yana ƙunƙuni.

Wannan mata ita ce tushen komai. A 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya, yaran biyu suka samu kansu cikin ayari ɗaya na yara masu wasa da ke yawo gari gari. Sadie na biye da ɗanta. Ernie shi kaɗai yake yawonsa. Wani dare a Oxford ya rasa masauki, ta jawo shi ɗakinsu, yaran suka kwana gado ɗaya, daga ranar ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Surutunsu da kwaikwayon junansu a cikin jirgin ƙasa ne ya ishe ta, ta ce tunda ba za su yi shiru ba su haɗa wasa na mutum biyu mana. A 1941 suka fara tsayawa tare gaban jama'a a Liverpool.

Ina son Sadie, amma ba na son a ɗauki labarinta a yi mana wa'azi da shi. Yaran nan biyu sun bar aji suna da shekara 13 zuwa 14 suka shiga neman kuɗi, kuma kuɗin Ernie gida yake tafiya tun kafin muryarsa ta buɗe. Ayarin da suke ciki cike yake da yara irinsu, yau ba mai tuna ko ɗaya. Duk shekara ina rasa ɗalibai ta wannan ƙofa, wata an ɗora mata tiren talla, wani an tura shi ci rani, kuma kowane uba na da misalin wani da ya bar lakwal ya yi arziki. Abin da na ɗauka daga Sadie kaɗan ne: ta kalli ɗanta da kyau har ta ga abin da takardar sakamako ba ta nuna ba, sannan ba ta sallama shi ga duniya ba, ta bi shi da ƙafarta, ta kuma haɗa shi da yaron da ya fi shi natsuwa.

Yaƙi ya raba su na ɗan lokaci, Ernie ya shiga jiragen ruwan dakon kaya, aka tura Eric ramin haƙar kwal. Bayan yaƙi suka sake haɗuwa, suka yi shekaru suna zagaya ƙananan gidajen wasa, suna samun shiga rediyo jefi jefi. A 1954 BBC ta ba su shirin talabijin nasu na kansu mai suna Running Wild. Ya faɗi warwas. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa ma'anar akwatin talabijin ita ce akwatin da aka binne Morecambe da Wise a ciki. Eric ya yanke wannan guntun jarida ya ajiye a jakar kuɗinsa, yana yawo da shi har bayan da duk ƙasar ta san sunansa. Sai 1961, bayan shekara 7, suka sake samun shiri nasu mai ɗorewa, a tashar ATV ta Lew Grade, da marubuta biyu, Dick Hills da Sid Green. A nan suka yi suna, har ƴan Beatles sun zo shirin.

A 1968 suka koma BBC, don a lokacin ita ke iya nuna su da launi. Cikin Nuwamba na shekarar, Eric na tuƙa mota da dare a Leeds bayan ya tashi daga wasa, zuciyarsa ta buga. Shekararsa 42, yana shan taba wajen kara 60 a rana. Wani mai wucewa ne ya kai shi asibiti. Yana jinya marubutan nan biyu suka tafi abinsu. Mai ban dariya na kwance, masu rubutu sun gudu, kowa ya ɗauka an gama. Ernie bai nemi wani abokin wasa ba. Ya jira.

A nan ne mutum na uku ya shigo, wanda a ganina shi ne malamin makaranta a cikin labarin, ko da yake bai taɓa riƙe alli ba. Sunansa Eddie Braben, ɗan Liverpool, da can mai sayar da kayan lambu a kasuwa, yana rubuta barkwanci tsakanin mai saye da mai saye, daga baya ya yi shekaru yana rubuta wa wani mai ban dariya, Ken Dodd. Bill Cotton, shugaban sashen nishaɗi na BBC, shi ya haɗa su. Braben bai ɓoye ba cewa wasansu na da bai burge shi ba: an mai da Eric wawa tuburan, an mai da Ernie mai tsawa da bushewar zuciya, irin tsarin da aka kwafo daga masu wasan Amurka. Da ya zauna da su a ofis sai ya ga wasu mutane dabam, mutum biyu da suka tashi tare tun suna yara, ɗaya na fara magana ɗayan na ƙarasawa, suna tsokanar juna ba mai jin haushi. Ya ce wannan ne ya kamata a nuna, ba wancan ba.

Sai ya ba Ernie hali. Ya mai da shi marubucin wasan kwaikwayo mai ji da kansa, wanda ke rubuta wasa sukutum cikin yini ɗaya, nahawunsa a karye, amma ya tabbata duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ga rowa kuma. Eric ya zama abokin da ke yi masa ba'a a gaban ido, amma in baƙo ya taɓa shi sai ya tashi tsaye. Ya sa su gida ɗaya, har gado ɗaya, Ernie na rubutu Eric na damunsa. Da farko sun ƙi maganar gadon, Braben ya tuna musu cewa Laurel da Hardy sun yi haka ba wanda ya ce uffan, Eric ya yarda bisa sharaɗin zai riƙa shan lofensa a ciki. Masu kallo suka ɗauke su yadda suke, manya biyu da ba su gama girma ba, kamar yaran nan na Oxford.

Abin da ya sa zagin ke da daɗin ji ke nan, kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bazabarme, za su faɗa wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga sarki, a tashi ana dariya, don kowa ya san akwai amana a ƙarƙashi. Wannan wasan taubasai namu har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Braben bai san da mu ba, amma dokar da ya gano ita ce tamu: ba'a ba ta zama wasa sai tsakanin waɗanda ba za su rabu ba.

Na ga ƙaramin misalin wannan a ajina na CM2 wata shekara. Akwai wani yaro da ko tari ya yi sai aji ya fashe da dariya, irin yaran da ke sa malami ciwon kai. Abokin zamansa a benci shiru shiru ne, matsakaici a karatu, ba ka jin bakinsa. Da za a yi bikin ƙarshen shekara na haɗa su wasa: mai shago da mai cin bashi. Mai surutun ne ke zuwa karɓar bashi da dabaru iri iri, mai shirun na bayan tebur yana ƙoƙarin riƙe mutuncinsa da littafin bashinsa. Mako uku muna maimaitawa bayan an tashi. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da mai shagon, na sa wanda ke zuwa na ɗaya a aji ya tsaya a madadinsa. Ya haddace maganganun cikin minti goma, bai kuskure ko ɗaya ba. Amma ba wanda ya yi dariya. Yana amsawa kafin abokin ya rufe baki, kuma shi kansa yana murmushi, yana nuna mana ya san wasa ake yi. Mai surutun ya yi ta fama, ƙarshe ya juyo ya ce, "Mushe, a bari sai ya warke."

Ranar biki wasan ya yi kyau, iyaye mata har da guɗa, wasu suka liƙa wa mai cin bashin ƴan dala dala a goshi. Washegari mahaifin mai shagon ya same ni a ƙofar lakwal. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, ban ji daɗin abin jiya ba. Ɗan wani ana ba shi kuɗi, nawa an tsayar da shi ana yi masa dariya gaban mutanen gari." Na ce, "Alhaji, wallahi da ba don ɗanka ba da ba a yi dariyar ba," na ba shi labarin ranar zazzaɓi. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, na ji. Amma baɗi a ba shi wancan." Ban ga laifinsa ba. Abin da ya gani da idonsa gaskiya ne, kuɗin a goshin ɗan wani aka liƙa.

Su Eric da Ernie sun kashe wannan rigima tun suna samari: duk abin da aka samu a raba biyu daidai, kuma ba ruwan kowa da wanda ya jawo dariyar muddin an yi ta. Ernie ne ke zama da masu gidajen talabijin a yi cinikin kuɗi, Eric na fama da tunanin wasan. In an tashi aiki kowa ya kama hanyar gidansa. Ba su cika ziyartar juna ba, Eric na Harpenden da matarsa Joan da ƴaƴansu, yana kallon tsuntsaye da kamun kifi da bin ƙungiyar ƙwallon Luton, Ernie da matarsa Doreen suna can wani gari. Wasu na jin haka su ce ashe abotar ta talabijin ce kawai. Ni ban gan shi haka ba. Wanda kuke yini tare shekara 43, in kuna son ku kai ga ta 44, ku bar wa juna dare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da na gane cewa kusan duk abin da ke kama da faɗuwar baki shiryayye ne. Eric zai yi kamar wata magana ta faɗo masa yanzu, ya juya ya kalli kyamara, ya karkata tabarau, Ernie ya yi kamar dariya ta kusa ƙwace masa. An maimaita wannan sau da yawa a ɗakin gwaji, kwana da kwanaki, ƙarƙashin mai shirya shirin John Ammonds, daga baya Ernest Maxin. Har dandamali mai labule aka gina musu cikin ɗakin ɗaukar hoto, don a gaban labule suka girma, a nan ƙafarsu ta san ƙasa. A makarantar horon malamai an koya mana raba takardar shirin darasi gida biyu, abin da malami zai yi da abin da ake sa ran yara za su amsa, muna ta gunaguni cewa aikin banza ne, wa ya san abin da yaro zai ce? Shekaru sun nuna mini cewa malamin da ka ga yana wasa da aji kamar ba shiri, yana kama amsar da ba a zata ba ya juya ta ta zama darasi, shi ne wanda ya kwana kan takardarsa. Wanda bai shirya ba ba ya iya sakin jiki, allo yake kama da kwafi har a buga ƙararrawa.

Dubi wasansu da ya fi shahara, na Kirsimetin 1971. Baƙonsu André Previn ne, jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Landan, mutum mai daraja a fagensa. An yaudare shi a wasan cewa zai jagoranci shahararren mai goge Yehudi Menuhin, sai ya tarar Eric ne zai kaɗa piyano a wani kiɗan Grieg. Makaɗa suka fara, Eric bai iso kujera kan lokaci ba. Aka sake, murfin piyano ya tare masa ganin hannun jagora, sai da Previn ya yi tsalle sama don a hango shi. Da Eric ya fara kaɗawa kuwa sai ga wani kiɗan gidan biki. Previn ya fusata ya ce duk ba daidai yake bugawa ba. Eric ya tashi, ya cafki wuyan rigarsa, ya gaya masa a natse cewa duk muryoyin da ake bukata yana buga su, jerin ne kawai ba lalle ya zo daidai ba. Duk wanda ya taɓa gyara kayen yaro a darasin nahawu ya san wannan amsa.

A bayan labule Eric na cikin tashin hankali. Previn bai samu zuwa kwanakin gwaji da aka saba ba, a cikin mota daga filin jirgi ya haddace nasa da ƴar tocila. Shi kuwa wasan tsoho ne, sun yi shi tun zamanin Hills da Green, lokacin Ernie ne ke jagoran makaɗa, Braben ya sake ɗinka shi. Wato Ernie ya ba baƙo wurinsa ya koma gefe, a wasan da yau aka fi tuna su da shi. Gargaɗin da Eric ya yi wa Previn ɗaya ne, kamar yadda Previn ya riƙa ba da labari: kada wanda ke kan dandamali ya nuna ya san abin dariya ne, in an nuna an mutu. Abin da ɗalibina mai zuwa na ɗaya bai gane ba ke nan. In ka kalli hoton da kyau za ka ga lokacin da Previn ya mayar da wata amsa daidai kan gaɓa, fuskar Eric ta washe, ya san dare ya yi kyau.

Manyan mutane sun riƙa layi don a wulaƙanta su a wasannin Ernie. Glenda Jackson, wadda ta riga ta ci kyautar Oscar, ta fito a matsayin Kiliyobatara a 1971 tana karanta karyayyen nahawunsa da fuskar gaske. Wani mai shirya fim ya gani ya gane ashe ta iya ban dariya, ya ba ta fim ɗin da ya kawo mata Oscar ta biyu. Peter Cushing ya yi shekaru yana dawowa shirin yana neman kuɗin fitowarsa ta farko da wai ba a biya shi ba. Ga iyaye da malamai da za su nema a YouTube, a zaɓa kafin a kunna gaban yara, akwai raye rayen da ba na gidajenmu ba ne. Amma wanda suke haɗa karin kumallo a madafa bisa kiɗa, ba mai cewa uffan, ana yanka lemu ana cafe burodi daidai da bugun ganga, wannan ko ɗan CI zai gane shi.

Dariyar nan ba kyauta ta zo ba. Braben shi kaɗai yake rubuta shiri na minti 45 a ɗakinsa a Liverpool, ya hau jirgin ƙasa ya kai Landan, a karanta, a ce a sake. A 1972 jikinsa da kansa suka gaza, sai da ya ajiye aiki na wani lokaci. Eric kuwa tun da rani yake fara damuwa da shirin Kirsimeti, don ya san miliyoyin gidaje za su auna daɗin bikinsu da shi, kuma kowace shekara dole ta fi ta bara. Bayan wancan dare na 1977 suka bar BBC suka koma tashar Thames a farkon 1978. Braben bai iya bin su nan take ba sai 1980, kuma yawancin masu kallo sun yarda shirin bai sake kai matsayinsa na da ba. A 1979 zuciyar Eric ta sake bugawa, likitan nan ɗan asalin Masar, Magdi Yacoub, ya yi masa aiki.

Duk lokacin da sakamakon shiga koleji ya fito, mu malaman CM2 ake nema a yi wa barka, wani uban har da kaza. Na karɓi irin wannan kaza ba sau ɗaya ba, kuma na ci. Amma yaron da ya iso hannuna yana karatu, wata ce ta zauna da shi shekara biyar baya a ajin zana, yara fiye da 80 a kan tabarma, iska na kwashe alli, ta nuna masa bambancin b da d har ya zauna. Sau da yawa ƴar kwantaragi ce, albashinta na makara, kuma kafin yaron ya kai CM2 an canza mata gari. Wanda bai iso yana karatu ba, ko na kwana a aji ba abin da zan iya yi masa cikin wata tara. In direktoci za su saurare ni, gogaggen malami a CI ya kamata a sa shi, ba a CM2 ba. Na faɗi haka a taron malamai, aka yi dariya, aka ce in fara ba da misali da kaina. Na ce na yarda, ranar da aka fara kai kazar CI.

Ranar 27 ga Mayu 1984 Eric ya je wani ƙaramin gidan wasa a Tewkesbury don taimaka wa wani tsohon abokinsa, Stan Stennett. Ernie ba ya wurin. Ya yi hira da jama'a, ya ba su dariya, suka yi ta kiransa yana dawowa gaban labule. Da ya shiga ciki karo na ƙarshe sai ya faɗi. Ya rasu kafin gari ya waye, yana da shekara 58.

Ernie ya rayu shekara kusan 15 bayansa. Ya fito a wasannin dandamali a Landan, ya zauna a shirye shiryen kacici kacici na talabijin, yana nan da fara'arsa da tsabtarsa. Amma sana'arsa ita ce jira da miƙa magana, kuma babu wanda zai miƙa wa. Jama'a na ganinsa sai su tuna wanda ba ya nan. Ya rasu ranar 21 ga Maris 1999. Bayan wata huɗu Sarauniya Elizabeth ta je garin Morecambe da kanta ta buɗe mutum-mutumin Eric a bakin teku, yana tsalle da ƙafa ɗaya kamar yadda suke rufe shirinsu. Na Ernie sai 2010 aka kafa shi a Morley kusa da Leeds, na dutse, kuma matarsa Doreen ce ta biya kuɗin. Wanda ya haɗa su biyun tare yana Blackpool, an buɗe shi a 2016.